Yadda Za Ka Yi Wa Matarka Allon Shago Ba Tare Da Ka Tambaye Ta Komai Ba

Wannan darasi na mazan da matansu suka sayi ɗan injin nan ne na yanka sitika, wanda ake liƙa suna da shi a jikin kofi da riga. Teburina na yankan makulli yana bakin ƙofar wani mai yin allunan shaguna, kuma babu irin mijin da bai wuce ta gabana da filash na kwamfuta a hannu ba. Na ga jarumai, na ga kuma waɗanda suka kira matansu a waya suka zubar da girmansu a bainar jama'a. In ka bi ni tiryan-tiryan, na yi maka alkawari biyu: sitika za ta fito daga inji, kuma kalmar "ban sani ba" ba za ta fito daga bakinka ba.

Ga halin da kake ciki. Maiɗakinka za ta buɗe shagon gyaran gashi. Ta zana sunan shagon da kanta a manhajar injinta, haruffa masu lanƙwasa da fure a gefe: SHIGO KI YI KYAU. Ta gayyaci ƙawayenta da mahaifiyarta ranar buɗewa. Abin da ya rage shi ne allon saman ƙofa, injinta kuwa ba ya yanka abin da ya wuce faɗin faranti.

1. Karɓi aikin kafin a ba ka

Da ka ji ta ce za ta leƙa wurin Mai Allo da kanta, miƙe tsaye. Ce mata, "Haba Maman yara, ina raye? Mutanen nan in sun ga mace sai su yi ta juya ta. Kawo nan."

Za ta ce, "Abban su, ka san kan fayil ɗin kuwa? Ba kowace kwamfuta ke karɓarsa ba fa."

Yi murmushin wanda aka tambaya ko ya san hanyar gidansu. Jefa filash ɗin a aljihun gaba. Za ta biyo ka da, "Don Allah kar a canza min komai." Adana wannan maganar, makami ce.

2. Kai rahoton nasara tun kafin ka je

Filash ɗin zai daɗe a aljihunka har ya kusa shiga wanki. Ba komai. In ta tambaya, ce, "Ai an gama, yana shan iska ne." Sitika ba fenti ba ce, ba ta shan iska, amma hankalinta yana kan kujeru da tawul, ba za ta tsaya bincike ba. A gabanka za ta kira mahaifiyarta: "Umma, Abban su ya gama da allo tuni." Za ka jiyo surukarka tana sa maka albarka ta cikin waya.

Daga nan babu komawa baya, kuma haka ake so. Namiji ya fi ƙoƙari idan ya kulle kansa a ɗaki ya jefa makullin ta taga. Ni da nake sana'ar makulli na san abin da nake faɗa.

3. In fayil ya ƙi buɗuwa, zargi kwamfutarsa

Je shagon Mai Allo ana jajibirin buɗewa, ba kafin nan ba. Za ka same shi da tabarau a goshi, tsinke a baki, naɗin leda kala-kala jingine da bango, injinsa ya kai tsawon gado. Zai soka filash, ya danna, ya sake dannawa, ya juya tsinken zuwa ɗaya gefen bakin.

"Yallaɓai, wannan na injin gida ne."

"To sai me?"

"To a gida yake buɗuwa. Masu manhajar sun ɗaure shi, sai tasu kaɗai. Kwamfutata ko sallamarsa ba ta amsawa."

Kada ka girgiza. Ce, "A gidana ai yana buɗuwa lafiya lau. Taka ce ta tsufa." Ƙara da cewa akwai wani mai allo a can gaba da ke buɗe irinsa ido rufe. Zai nuna maka ƙofa da tsinkensa ya ce, "Allah ya kiyaye hanya." Yi kamar ba ka ji ba, ja kujera ka zauna.

4. Kada ka kira ta

Nan ne maza da yawa suke faɗuwa. Mai Allo zai ce, "Kira madam ta fitar min da shi a layi, irin wanda wuƙar inji ke bi. In manhajar ta hana ta, ta gaya min sunan haruffan in sake zanawa. Magana ɗaya ce."

Magana ɗaya ce, gaskiyarsa. Amma kai ka ce allo yana shan iska, kuma an riga an sa maka albarka. Albarka ba a mayar da ita. Ciro waya, kara a kunne ba tare da ka danna komai ba, ɗan jira, sannan ka ce, "Ba ta ɗauka, ka san mata da hidima." In wayar ta yi ƙara a kunnenka a daidai lokacin, kuma ita ce, kashe ka ce masu talla ne.

5. Gwada dabarun maza

Da farko sa shi ya goge wutsiyar sunan fayil ɗin, 'yan haruffan nan na bayan ɗigo, ya rubuta irin wadda kwamfutarsa ke so. Zai ce, "Yallaɓai, in na rubuta 'mota' a jikin keke, zai ɗauki fasinja?" Ce ya gwada dai. Ba zai ɗauka ba.

Sai ka tuna akwai hoton zanen a wayarka, wanda ta tura wa ƙawarta, ƙawar ta tura wa ƙanwarka, ƙanwarka ta turo maka. Tura masa. Da ya ja shi ya kai faɗin ƙofa, haruffan za su koma kamar an gina su da bulo, furen kuma tabon mai a riga. In ka matsa, zai sa kwamfuta ta bi gefen hoton ta fitar da layi, ya gwada a guntun leda. Wuƙar za ta yi ta zagaye wuri ɗaya tana karkarwa har ledar ta zama gashin aski.

Zai ce bari ya rubuta sunan da haruffan da yake da su. Leƙa ka gani: irin na shagon taya ne. Zaro makaminka. "Ta ce kar a canza komai." Fita da fushi, ka gaishe ni a ƙofa kamar ba abin da ya faru.

6. Shiga kwamfutarta da ladabi

Jira ta fita sayen man gashi. Ɗaga murfin kwamfutar a hankali, kada ka ture kofunan da ta jera, ta san wurin zaman kowanne. Cikin fayilolin za ka ga ɗaya mai wata wutsiya daban, wanda ta taɓa haɗa wa ƙawarta mai wani irin inji lokacin da suka yi wa ma'aikatan shagon riguna. Sunansa "riga". Kada ka ɓata lokaci kan suna. Kwafe, rufe, mayar da tawul ɗin da ta rufa a kai yadda ka same shi.

7. Amsa kowace tambaya da ƙarfin murya

Koma wurin Mai Allo da shi, wannan karon zai buɗe. Ga haruffan, ga furen, layi tsaf. Dubi Mai Allo ka ce, "Ashe kwamfutar taka tana buɗewa in ta ga dama."

Zai sauko da tabarau daga goshi. "A baibai yake fa."

Za ka duba, ka ga lallai sunan ya faro daga inda ya kamata ya ƙare.

"Abu biyu ne," in ji shi. "Ko na riga ne, don shi a juye ake yanka shi, in an kifa an goge ya miƙe. Ko na gilashi ne da ake liƙawa ta ciki, na waje ya karanta daidai. In na riga ne, dannawa ɗaya zan juya maka shi. Wanne ne?"

Yi tunani da kyau. In ka ce na riga ne, ka amsa cewa fayil ɗin riga ka kawo wa mai allo, kuma ga mutane a shagon, ga ni a ƙofa ina saurare. Gyara hula ka ce, "Na gilashi ne mana. Ka ɗauka ba ta san abin da take yi ba ne?"

Zai mayar da tsinkensa. "Ni dai abin da ka ce zan yanka." Mai Allo mutum ne mai son zaman lafiya, musamman in zai samu labarin bayarwa.

8. Tuna cewa shagon ba shi da gilashi

Za ka tuna da wannan ne da safen buɗewa, kana kan tsani, ƙofar ƙarfe a gabanka, farin katakon allo a sama. Ɗora sitikar a kai ka gani. Mai walda da ke maƙwabtaka da shagon zai fito ya karkata kai dama, ya karkata hagu, ya ce, "Maigida, harshen wace ƙasa ne?"

Sauko da natsuwa. Shiga ciki. Shagon gyaran gashi ba ya rasa ƙaton madubi. Liƙa sitikar a bangon da ke fuskantarsa, zauna a kujerar kwastoma, dubi madubin. Ga shi nan, kowane harafi a mazauninsa, fure a gefen da ta sa shi. Ko ita ba za ta ce an canza komai ba.

9. Karɓi sabon muƙami

Maiɗakinka za ta iso, ta dubi katakon da babu komai, ta shigo ta dubi bango. Ita ba ta buƙatar madubi.

"Abban su, wannan na riga ne. Ka taɓa min kwamfuta?"

Ce sabon salo ne. Ba za ta samu damar amsawa ba, don surukarka za ta shigo tana haki. Mai tasi ya yi ta kai-komo da ita a layin suna neman allon da aka ce an gama tuni. Ƙawayen ma suna can suna bugo waya daga shagon mai walda. Za a zaunar da tsohuwa a kujera, a ba ta ruwa. Za ta ɗaga kai ta karanta a madubi, a hankali.

"Shigo ki yi kyau. To ai na shigo, ɗan albarka. Su na waje wa zai gaya musu?"

"Shi zai gaya musu, Umma."

Da hannunta za ta fitar maka da kujera ƙarƙashin farin katakon. "Har ranar da na je wurin Mai Allo da kaina, kai ne allon. Kuma da ƙarfi, yadda na tsallaken titi za su ji."

Zauna. Gyara murya. Ga wata tafe.

Sanarwa

Duk abin da na yi alkawari ya cika: sitika ta fito, kuma ba ka ce "ban sani ba". Abin da ya biyo baya ba ya cikin darasi. In ka ce wa matar mutane ta shigo ta yi kyau, ashe mijinta yana bayanta da kaya a hannu, ni ban san ka ba, ban taɓa ganinka ba, kuma ranar ina gida ina fama da ciwon baya. In kuma ka koma gida ka tarar makullinka ya daina buɗe ƙofa, kada ka zo teburina da ƙorafi. Duk wanda ya kawo aiki ina yi masa, mace ce ko namiji.