Tsakuwar Yabo

A wani daji da dabbobinsa suka waye har kowacce ta mallaki waya, Bushiya ta iso taron tsara shekara da wuri, sai ta lura ƙwaryar tsakuwa da ke gindin tsamiya ta cika har tana zuba. Ita dai a sanin da ta yi wa ƙwaryar nan, tun tana leƙen taro daga bayan kututture, tsakuwar ba ta wuce rabi. Ta dubi ƙwaryar, ta dubi sawayen da ke kewaye da ita, ta nemi gefe ta takure.

Dabbobin dajin suna da shafi a intanet mai suna Inuwar Tsamiya, inda ake sakin rubutu ɗaya duk mako. Kafin faɗuwar damina kwamitin shafin kan zauna ya tsara abin da zai fita a shekara. Suna kuma da wata al'ada. A can baya Gwaggo Mujiya ta taɓa jera rubutu kan mutuwa da fari da annoba har masu karatu suka watse, suka koma kallon bidiyon birai. Tun daga nan aka kafa doka: duk rubutu mai nauyi sai an auna shi. Wanda ya ji nauyinsa ya jefa masa tsakuwa a faifai, kuma kowace tsakuwa sai an saki rubutun raha ɗaya a madadinta kafin mai nauyin ya fito. Wai don kada zukata su gaji.

Wannan ne karon farko da Bushiya ta zauna a kwamitin, kuma rubutu ɗaya tak ta kawo. Damina biyu ke nan ƙwan zabi na ɓacewa a ciyawar bakin rafi. Ƙawarta Lanti Zabuwa bara ko ɗan tsako ɗaya ba ta ƙyanƙyashe ba. Bushiya, da yake hancinta kusa da ƙasa yake, ta ga abin da masu tsawo ba su gani ba: a bakin kowace sheƙar da aka kwashe akwai layi a rairayi, irin na doguwar jela da aka ja. Ba ta ambaci sunan kowa ba. Ta dai ba zabi shawara su kai sheƙunansu cikin sarƙaƙiya bana. Amfanin rubutun duka shi ne ya fita kafin ruwan fari, kafin a haƙa sheƙa.

Malam Dila, shugaban kwamiti, ya buɗe taro.

«'Yan uwa, shafi kamar miya ne. Gishiri ya yi yawa a zubar, ya yi kaɗan a ture. Mu ba masu wa'azi ba ne, ba kuma 'yan kama ba ne. Tsakiya muke bi, kuma faifan nan shi ne alƙalinmu. Ba ya son kai, ba ya karɓar goro.»

Aka fara da na Gwaggo Mujiya kan zaizayar ƙasa. Tsakuwa biyu ya samu, aka ba shi gurbi nan kusa. Hankaka, mai lura da yawan masu karatu, ya kawo na barkwanci kan yadda Kunkuru ke makara wajen ɗaurin aure. Aka yi dariya aka wuce. Sannan Malam Dila ya ce, «'Yar Ƙaya, bismilla.»

Bushiya ta karanta nata, murya ƙasa-ƙasa, ido a kan waya. Da ta zo wajen jelar nan ba ta ɗaga kai ba, amma ta ji ƙarar busasshen ganye daga inda Kawu Guza yake kwance, kamar mai gyara zama yana naɗe wani abu a ƙarƙashinsa. Ta tuna an ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ta kuma tuna zato zunubi ne. Ta ƙarasa karatunta.

Ta shirya wa faɗa, ƙayoyinta har sun fara miƙewa. Sai ta ga Kawu Guza yana share ido.

«'Yata,» in ji shi, «Allah Ya yi miki albarka. Shekaruna a dajin nan ban taɓa jin rubutun da ya taɓa ni kamar wannan ba. Wayyo zabi, bayin Allah! Wanda duk ya ce wannan magana tsakuwa ɗaya ce nauyinta, wallahi bai san darajar rai ba. Ni dai ba za a haɗa baki da ni a raina ta ba.»

Ya ja jiki zuwa ƙwarya, ya ɗebo cike da hannu ya zuba a faifai.

«Kawu,» Bushiya ta ce, «ai ba shi da nauyi haka. Shawara ce kawai.»

«Ji tawali'u!» in ji Hankaka. «Yarinya, ba a yabon kai, ba a kuma hana mutane yabo.» Shi ma ya tsinto nasa da baki, ɗaya bayan ɗaya, har sai da wuyansa ya gaji.

Malam Dila ya zuba nasa cikin natsuwa, yana cewa tarihi zai tuna da wannan rana. Saura Gwaggo Mujiya. Bushiya ta kafa mata ido, don ita ce ta koya mata rubutu. Gwaggo ta juya kai baya gaba ɗaya, kamar an kira ta daga wata bishiya, sannan ta saki tsakuwarta ba tare da ta duba inda ta faɗa ba.

Hankaka ya shiga lissafi a kan jadawali, mako bayan mako. Farcensa ya wuce ruwan fari, ya wuce shuka, ya wuce tsakiyar damina, bai tsaya ba sai bayan an kai amfanin gona rumbu.

«Ma sha Allah,» ya ce. «Lokacin kaka. Ciki a ƙoshe, kowa na da natsuwar karanta abu mai zurfi.»

«Ranka ya daɗe,» Bushiya ta dubi Malam Dila, «lokacin ai an gama ƙwai. Idan kunne ya ji da wuri ne jiki ke tsira. A rage tsakuwar, ko a sake shi a wannan makon, raha ta biyo baya.»

«'Yar Ƙaya, kina so mu ce rubutunki ba shi da muhimmanci?»

«A'a.»

«To kina so mu karya doka saboda yana da muhimmanci? Gobe kowa ya zo ya ce nasa ma haka ne? Sannu ba ta hana zuwa.»

Ta san ƙarashen karin maganar, amma ta haɗiye shi.

Sai aka shiga neman rahar da za ta cike makonnin. Nan ma Kawu Guza bai gaza ba. Ya ce don a shirya zukatan masu karatu, gara rahar ta shafi zabi su ma. Yana da wani ɗan labari kan Zabuwar da ba ta iya ƙirga ba, ta saka ƙwai uku ta yi ta kururuwa an sace mata goma. Yana da wani kan mai mantuwar da ta ɓata sheƙarta ta kai ƙarar rafi. Hankaka ya faɗi ƙasa don dariya, ya ce wannan sai ya zaga dajin kaf kafin azahar. Bushiya ta hango ranar da nata zai fito, bayan wata da watanni ana wannan dariya, ta kuma hango abin da za a rubuta a ƙarƙashinsa.

«Abu na ƙarshe,» in ji Malam Dila. «Kamar yadda ya saba, Kawu Guza ya ɗauki nauyin abin taɓawa a duk zaman da za mu yi da damina. Allah Ya ƙara buɗi.»

«Amin!» Hankaka ya lashe baki. «Wainar ƙwan nan ta bara, wallahi har yau ina jin...»

«Malam Hankaka, wannan ba ya cikin ajanda.»

Gwaggo Mujiya ta yi tari, ta shiga gyaran gashin fiffikenta.

Bushiya ta sake duban faifan. Tsakuwa dai duk kamarsu ɗaya, ba a gane wadda wane ya jefa. Can gabas hadari ya fara haɗuwa, iska na kawo ƙanshin ƙasa. Ta kashe wayarta, ta zame ta bayan kututture yadda ta saba shigowa. Ba ta bi hanyar raminta ba, ta gangara wajen ciyawar bakin rafi, inda zabi ke kiwo, da 'yan gajerun ƙafafunta da muryar da ba ta kai ko'ina.

A rahoton taron an rubuta cewa an amince da tsarin shekara baki ɗaya, kuma ba a taɓa karrama wani rubutu kamar na Bushiya ba.