Aljanin Kwamfutar Ƙanina

Gadin kwamfuta wahala ne. Ƙanina ya haɗa wata a shagonsa na Yalwawa, ya ce daga Kano zai riƙa sarrafa ta, nawa kawai in kunna in zauna. Na ce ai ko akuya ta iya wannan.

Bayan azahar sai ga rubutu yana fitowa a allo, kujera ba kowa. Na manta da maganar Kano sarai. Na yi a'uziyya, na watsa wa kwamfutar ruwan tofi, ta yi hayaƙi.

Ƙanina ya bugo waya. "Yaya, me ka taɓa?"

"Aljani na kora."

"Ni ka kora!"

Washegari na ɗauko ta a ka zuwa wajen gyara, 'yan teburin mai shayi suna ihu: "Malam mai ruƙiyya, rediyonmu ma yana magana!"