Na Latsa "Na Amince" Ban Karanta Ba

Jama'a, yau bakina ya yi nauyi. Ni da na saba caccakar manya duk mako, jiya kwamfutar ɗakina ta kwance mini zani a kasuwa.

Ga yadda aka yi. Kwalbatin layinmu ya rufta tun bara, kuma duk ruwan da aka yi a shagon maƙwabcina tela yake sauka. Sau biyu yana shanya yadin mutane a kan katanga. Da muka ji cewa Mai Girma Sarkin Alkawari, Allah ya ƙara masa kujera mai juyawa, zai karɓi koke jiya kaɗai, daga safe zuwa ƙarfe biyu, sai unguwa ta ɗora mini rubutun, tunda ni ne mai baki. Kwana uku ina tsara shi, har da hotunan shagon cikin ruwa. Saura bugawa a takarda kawai.

Da safe na kunna kwamfuta, wani saƙo ya fito wai akwai sabuntawa. Rubutu ne zuƙeƙe, ƙasansa an sa "Na amince". Na ce ai gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, na latsa. Ta yi 'yan juye-juyenta, ta mutu, ta farfaɗo. Na buɗe manhajar da koken yake ciki, ta leƙo kamar mai jin kunya, ta rufe. Na sake, ta sake. Kowane karo wani ɗan akwati yakan fito da rubutu, ni kuma in rufe shi da sauri don kada ya ɓata mini lokaci.

Tela ya leƙo ta taga, awo rataye a wuya. "Malam, an buga?"

"Ana kan aiki," na ce masa. Sai da ya tafi na tuna a bakin wa na saba jin wannan amsar.

Daga nan na bi matakan da suka dace. Na kashe na kunna sau bakwai. Na busa madannai. Na ɗora laifin a kan uwargida, wadda ta goge teburin shekaranjiya.

"Tsumma ne ya shiga ciki ya rufe ta?" in ji ta. "Ka kira ƙanwata mana, ai sana'arta ce."

Na ce ba sai an kai ga haka ba, komai yana ƙarƙashin kulawa. Ƙarfe goma sha biyu ta buga, gumi ya jiƙa mini riga, tela ya leƙo karo na uku. Gaskiya tsoro ya kama ni, don in damina ta sake samunsa haka, shagon ya tashi ke nan. Na kira ƙanwar uwargida.

Ta zo ta zauna, ta buɗe manhajar, akwatin ya fito. Hannuna ya kai zai rufe, ta buge shi.

"Yaya, tsaya mana! Sau nawa wannan ya fito?"

"Zai kai ashirin."

"Ka karanta?"

Na shiga gyaran hula.

"To kuka take yi maka tun safe. Akwai wani fayil da ake ce wa laburare, kamar tsanin da duk layi ke ara ne. Sabuntawar da ka yi ta ɗauke tsohon ta kawo sabo. Ita kuma manhajarka tsohuwa ce, tsohon ta sani. Ta neme shi ta rasa, shi ne take faɗuwa. Ga sunansa ma ta rubuta maka. Kuma na tabbata wancan dogon rubutun ya gargaɗe ka kafin ka amince."

"Wa yake karanta waɗannan abubuwan?"

"Ba kai ne ka rubuta makon jiya cewa manya suna sa hannu ido rufe ba? Ni na karanta."

Uwargida tana bakin ƙofa tana dariya har da riƙe ciki. Lallai laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Cikin minti goma ta nemo tsohon laburaren ta ajiye shi kusa da sabon, ta nuna wa manhajar hanya. Koke ya buɗe, hotuna da komai. Muka buga, ni da tela muka ɗiba a guje, muka isa ƙarfe biyu saura kwata.

Magatakardan Mai Girma, wani mai tumbi da tabarau, ya miƙo hannu idonsa na kan waya. Ya buga hatimi, ya cusa kokenmu ƙarƙashin wani tulin da ya kai gwiwar hannunsa. Ko layin farko bai duba ba.

Tela ya zungure ni. "Malam, yi magana mana, kai ne mai baki."

Na buɗe bakin, na dubi hannun mutumin, na dubi nawa. Sai na ce, "Ranka ya daɗe, in ba damuwa, bari in karanta maka da kaina. Na san yadda abin yake."