Ƙofar da Bushiya Ta Buɗe wa Hankaka

A wani daji da zamani ya riga hankali isa, dabbobi suka kafa Ofishin Koke-koke. Wanda rijiyarsa ta rufta sai ya kai kuka, a shigar a manhaja, a sanar da masu gyara. Bushiya ce ke riƙe da manhajar, kuma ba riƙon wasa ta yi mata ba. Ko Hankaka, shugaban masu gyaran rijiyoyi, sai ya sauko kowace safiya, ya gaishe ta, ya tambayi yara da gajiya, sannan ta karanta masa aikin ranar. Wannan gaisuwa ta fi mata abinci daɗi.

Ran nan a majalisa Hankaka ya turo farin ƙirjinsa gaba, ya fuskanci Giwa, shugabar taro.

"Ranki ya daɗe, ba ƙarar kowa na kawo ba. Amma kafin in gama gaisuwa rana ta take. A buɗe wa kwamfutata 'yar ƙofa ta intanet, ta riƙa tambayar manhajar Yaya Bushiya kai tsaye. Dubawa kawai za ta yi, ba za ta taɓa komai ba."

Majalisa ta ɗauki tafi. Giwa ta ce ta daɗe ba ta ji magana mai kan gado irin wannan ba. Bushiya ma ta tafa, amma ƙayoyinta duk sun miƙe. Hassada ce tsagwaronta ta turnuƙe ta. Ita da ta tsufa a kan wannan aiki ko sannu ba a taɓa ce mata a taro ba, yau ga mai baki ya kwashe yabo.

Irin wannan ƙofa izini biyu take buƙata, na shiga da na ganin abin da ke ciki. Bushiya ta ba da na farko, har da miƙa wa Hankaka mabuɗin shiga hannu bibbiyu a gaban jama'a. Na biyun ta bar shi a kulle. A tunaninta gobe da sassafe Hankaka zai dawo yana "Yaya, taimaka".

Ashe manhajar ba ta iya cewa "an hana ka" ba. Wanda ba shi da izinin gani, cikin ladabi take amsa masa cewa babu komai. Kwamfutar Hankaka ta tambaya, aka ce babu kuka. Ta sake, aka ce babu. Shi kuwa ba ya cikin masu bincikar labari mai daɗi, sai ya sallami ma'aikata su huta. Bushiya ta yi ta duban sama, ko inuwarsa ba ta gani ba.

A zama na gaba Barewa ta miƙe, leɓe a bushe, ta ce rijiyar unguwarsu ta rufta tuntuni.

"Kin kai ofis?" in ji Giwa.

"Na kai, ranki ya daɗe."

"To ga allon kwamfutar Hankaka, fes yake, babu kuka ko ɗaya. Ki daina ɓata wa mai ƙwazo suna."

Aka rataya wa Hankaka lambar yabo. Bushiya kamar ta haɗiyi garwashi, ga shi in ta buɗe baki kanta za ta tona. Sai Giwa ta juyo gare ta da fara'a.

"Bushiya, kin yi mana hidima, Allah ya saka. Tunda injuna sun koyi gaisawa da junansu, ba ma buƙatar mai zama a tsakani. Kowa ya shigar da kukansa ta wayarsa. Ajiye mabuɗinki, ki je ki huta."

Da wannan mabuɗi nata kaɗai ake buɗe izini na biyu. Aka karɓe shi, aka jefa a kogon bishiyar kuka don tsaro.

"Ranki ya daɗe," in ji Bushiya, "ina da kuka."

"Madalla. Shigar da shi a manhaja, Hankaka zai gani."

Ta shigar.

An ce har yanzu babu dajin da ya kai wannan zaman lafiya, musamman ga masu jure ƙishirwa.