Tsarabar Ajantina a Gidan Surukai

Wani saurayi ne mai suna Filibus, ofishinsu ya tura shi kwas ƙasar Ajantina, ya dawo da kwalba guda ta jar giyar inabi da surutun da ya fi kwalbar yawa. Abu ɗaya ke ci masa rai: an sa ranar aurensa da Rifkatu sai bayan girbi, shi kuwa gani yake kamar girbin nan ba zai taɓa zuwa ba. Maimakon ya tura kawunnansa su roƙa a matso da ranar yadda kowa ke yi, sai gogan naka ya naɗe kwalba a jarida ya hau motar Pankshin, wai tsaraba ce za ta yi masa aikin manya.

Ya tarar da mahaifin yarinyar, Baba Iliya, a tsakar gida cikin rigar sanyi yana shan hantsi. Ya durƙusa ya gaida shi, ya buɗe kwalba, ya tsiyaya ɗan kaɗan a kofi kamar mai ɗiga maganin ido. Tsoho ya kurɓa, ya yatsine fuska.

"Yaro, wannan zoɓon an manta ba a sa masa sukari ba."

"Haba Baba, ai ba zoɓo ba ne!" in ji Filibus, har da gyara zama. "Inabin nan a can ƙolin duwatsu ake noma shi, inda sanyi ke ratsa ƙashi. Da gangan suke hana shi ruwa. Sai ya sha wuya sosai 'ya'yansa ke yin daɗi."

"Ikon Allah. Da gangan?"

"Da gangan, Baba. In an matse shi kuma a kulle a ganga, a manta da shi shekara da shekaru. Wanda aka yi gaggawar buɗewa, manyan mutane ko kallonsa ba sa yi. Duk sirrin abin, shan wuya ne da jira."

Tsoho ya jinjina kai, ya sake kurɓa, har ya ɗan lumshe ido. Farin ciki ya kama Filibus, ya ce a ransa ai shi ke nan, aiki ya yi kyau. Sai ya sassauta murya, ya sunkuyar da kai.

"Dama Baba, maganar ranar nan ce. Na ce ko za a taimaka a matso da ita wata mai kamawa. Gaskiya jiran nan yana ba ni wuya."

Baba Iliya ya toshe bakin kwalbar, ya tura ta ƙarƙashin kujerarsa.

"Madalla, ashe ka fara daɗi ke nan. Ga duwatsu nan, ga sanyi, duk muna da su kyauta. Je ka ci gaba da shan wuyarka, in ka nuna za mu aika a kira ka."