Nauyin Dakta Ɗayyabu da Ba a Gani

Jama'a, a gyara zama, a cire takalma! Ga Dakta Ɗayyabu, Sarkin Taurarin Tudun Fulani, wanda ya yi ɗan kwas ta waya kan sararin samaniya, ya buga satifiket ɗin da ya fi allon shagonsa faɗi. Shagon na fotokofi ne, amma kada ku faɗa a gabansa. Cibiyar bincike ce, mai sola a kan rufi da soket jere a bango.

Abu ɗaya ya rage wa Dakta a duniya: kujerar shugaban ƙungiyar unguwa. Mai tantance 'yan takara kuwa Mama Martha ce, tsohuwar hedimistires, wadda ta taɓa zane rabin magidantan layin. Sai ya gayyato ta ta ga hujjar farin jininsa da idonta.

Ranar ta yi masa kyau. Zafin Minna na gasa kwano, an ɗauke wuta tun shekaranjiya, shago ya cika har bakin kwata. Ndagi mai walda na nan, Ernest maƙwabcin shago na nan, har waɗanda ba sa gaisawa sun matsu a benci ɗaya. Mama ta samu wuri dab da bango.

Dakta ya hau kan kujera, ya gyara tabarau marar magani.

"Mama, kowane tarin taurari, wato galaksi, zaune yake cikin wani baƙin abu kamar gwaiduwa cikin ƙwai. Ba a ganinsa, amma ya fi taurarin nauyi nesa ba kusa ba. To yaya masana ke auna shi? Su leƙa sama da manyan madubai, su ƙirga galaksi miliyoyi. Inda suka ga sun yi cincirindo, nan nauyi yake!" Ya buɗe hannuwa. "Ƙirga mutanen shagon nan, Mama. Wa ya kira su? Nauyina ne ya jawo su."

"Sai Dakta!" in ji Ndagi, idonsa na kan bango.

Dakta ya kumbura har maɓallin rigarsa ya nemi agaji. "Ko duniya za ta tsage, waɗannan ba za su bar kewayena ba. Kimiyya ce!"

Bai rufe baki ba sai ihu ya tashi daga ƙarshen layi: "An kawo wuta!"

Wayyo sararin samaniya! Galaksi suka zare cazarsu, suka watse. Ernest ya tsallake benci, Ndagi ya bar takalmi ƙafa ɗaya. Kafin Dakta ya sauko daga kujera, daga shi sai Mama Martha.

Ya share gumi, ya ƙaƙalo murmushi. "Kin gani ko, Mama? Ƙananan ne suka tsere. Babbar galaksi ba ta barin tsakiya. Ke da kika san nauyi, ai ga ki nan."

Mama ta miƙe, ta rataya jakarta.

"Matsa, Ɗayyabu. Ka tare min cazata."