Ciyawar Jos A Zafin Bauchi

Ba zan taɓa mantawa da walimar auren ƙanwata Hauwa ba, ko na so in manta ma dangin mijinta ba za su bar ni ba.

Akwai ɗan fili a gaban gidana a Ɗan Iya, kiri-kiri ce a wajen tun da na tare, ciyawar nan mai rarrafe da ba ta jin rana. Da sanyi ya shigo ta ƙeƙashe ta kwanta, sai wani abokin aikina ya kawo mini irin wata ciyawa daga Jos na watsa a kai. Yana miƙo mini yana cewa, "Wannan ta sanyi ce fa. Zafi na tunkarowa ka aske ta ƙasa-ƙasa, ka rage mata ruwa, kiri-kirin za ta farfaɗo ta maye gurbinta." Na ce to. (Ni kuwa "to" ɗina ba ya nufin na ji.)

Ciyawa ta fito kore shar, ga laushi. Kaina ya kumbura. Da aka sa ranar Hauwa na miƙe a gaban dangi na ce a gidana za a yi walimar maza. Mahaifinmu ya rasu, ni ne babba, kuma ina so surukanta su gani da idonsu cewa yarinyar nan tana da gata.

Zafi ya fara leƙowa. Maimakon in aske, sai na ƙara ruwa. Duk inda kiri-kiri ta ɗago kai kuwa, in durƙusa in tumɓuke ta, wai tana ɓata mini ado. Matata ta ce, "Baban Sadiq, wadda kake cirewa ita ce 'yar gida fa." Na ce ta bar wa masana harkarsu.

Bazara ta kankama, baƙuwar Jos ta ce ba da ita ba. Kafin satin biki fili ya koma kamar an shanya harawa. Na zauna a bakin ƙofa ina kallo, wallahi har ƙwalla na yi.

Nan dabara ta zo mini. Na hau keke zuwa kasuwar Wunti na sayo garin rini kore, na aro injin feshin gona, na feshe busasshiyar ciyawar tas. Da ta bushe, in ka hango daga ƙofa sai ka rantse damina ce.

Ranar walima kowa na yabawa, ni kuma ina ta sunkuyar da kai kamar mutumin kirki. Sai aka kira la'asar. Jama'a suka yi alwala, tabarmi ba su isa ba. Na ruga zan ɗauko wa Alhaji, mahaifin ango, darduma, yana tsaye cikin farar shadda, fuska jiƙe da ruwa. Ya ce, "Bar shi, ɗana, wannan ciyawa ai ta fi darduma." Kafin in buɗe baki liman ya kabbara.

Allah Ya yafe mini, ban san abin da na karanta a sallar nan ba.

Ana sallamewa aka fara kallon juna. Goshi kore, hanci kore, tafin hannu da gwiwa kore, sahu guda na manyan mutane. Alhaji ya duba hannunsa, ya shinshina, ya dube ni.

"Ɗana, ciyawar taka zuba take yi?"

Na so ƙasa ta tsage. Hauwa kawai nake tunani, da gorin da za ta sha a gidan miji saboda wautata. Na durƙusa na faɗi gaskiya tun daga irin Jos har injin feshi.

Alhaji ya yi dariya har da riƙe ciki, sauran ma suka fashe. Da ya lafa ya dafa kafaɗata (ya bar mini shatin yatsu a riga) ya ce, "Wanda zai rina ciyawa don ƙanwarsa ta fita kunya ba zai bari a wulaƙanta ta ba. Yau mun san gidan da muka ɗauko mata."

Ruwan farko na sauka, 'yan saiwoyin kiri-kirin da suka tsere wa hannuna suka rufe filin kaf, ba tare da na ba su haƙuri ba. Tun daga nan, zafi na zuwa nake aske baƙuwa in ba 'yar gida wuri, kuma in an yi mini bayani nakan saurara kafin in ce to.

Ɗan Hauwa na fari ya fara magana bana. Bai san sunana ba. Kawu Kore yake ce mini.